Mata da Taskace Tarihin Yaƙin Basasa: Nazari a Kan Yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi zancen tarihin yaƙi, abin da ya fi saurin zuwa a zuciya shi ne sunayen kwamandoji, da garuruwan da aka ci, da ranakun da aka ci su. Wannan shi ne tarihin da ake samu a littattafai. Amma akwai wani tarihin da ba ya cikin littafi, wato na gidajen da aka ɗauki mazajen da suka tafi bakin daga. Mafi yawan wannan tarihi yana hannun mata ne: uwayen da aka tafi da ’ya’yansu, da matan da aka bari da goyo, da ’yan’uwa mata da suka riƙi marayu. A wannan darasi za a duba yadda mata da ƙungiyoyinsu suke taskace labarin yaƙin basasa, tare da mayar da hankali a kan ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan na arewacin Jihar Kaduna. Haka kuma za a nuna rawar da malamin Hausa zai taka wajen ceto wannan taska kafin masu ita su ƙare.

1.1 Manufofin Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:
(a) bayyana dangantakar yankin da yaƙin basasar Nijeriya;
(b) kawo misalan ƙungiyoyin mata da suka taskace tarihin yaƙi;
(c) fito da hanyoyin da harshen Hausa yake adana wannan tarihi;
(d) tsara yadda zai tattaro labarin baka daga dattijuwar mace ba tare da ya gurɓata shi ba.

2.0 Yaƙin Basasa da Ƙasar Zazzau

Yaƙin basasar Nijeriya ya samo tushe daga rikice-rikicen shekarar 1966. A ranar 15 ga Janairu aka yi juyin mulkin da aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Jihar Arewa, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda uwargidansa Hafsatu ta rasu tare da shi. A watan Mayu, bayan dokar da ta soke tsarin tarayya, tarzomar da aka fi sani da Araba ta ɓarke a garuruwan Arewa, ciki har da Zariya. An yi juyin mulki na biyu a watan Yuli, sannan a watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban mutanen Gabas mazauna Arewa, saura kuma suka gudu gida. A ranar 27 ga Mayu, 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, inda lardunan Zazzau da Katsina suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya. Bayan kwana uku Odumegwu Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara. An fara gwabzawa ranar 6 ga Yuli, 1967, aka kuma kammala miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu, 1970. Ƙiyasin waɗanda suka rasu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, akasarinsu farar hula ne da yunwa ta kashe a yankin Gabas.

Kafin yaƙin, sojojin ƙasa na Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma a ƙarshensa sun kai wajen 250,000. Wannan ƙari ya fito ne daga samarin karkara da na birane da aka ɗauka cikin gaggawa. A Zariya ne babbar cibiyar horar da kuratan soja take tun 1924, kuma yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan yana bakin ƙofarta. Hanyar mota da ta jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Kano sun ratsa ta yankin. A wancan zamani babu waɗannan ƙananan hukumomi. Garuruwa irin su Hunƙuyi, Likoro, Gimi, Gubuci, Paki da Aucan duk suna ƙarƙashin gundumomin Hukumar En’e ta Zazzau ne. Ke nan, ko da yake ba a yi fafatawa a yankin ba, yaƙin ya shiga gidajensa ta hanyar waɗanda suka tafi, da waɗanda suka dawo da rauni, da waɗanda ba su dawo ba, da kuma maƙwabtan da suka gudu a 1966.

3.0 Ƙungiyoyin Mata da Tarihin Yaƙi: Misalai Biyu

3.1 Misali Daga Amurka

Amurka ta yi nata yaƙin basasar daga 1861 zuwa 1865 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, inda mutane fiye da 600,000 suka rasu. Babban abin da ya jawo shi shi ne batun bauta. Bayan yaƙin, mata na ɓangarorin biyu sun kafa ƙungiyoyin tunawa da mazajensu. Wadda ta fi shahara ita ce ta ’ya’ya mata da jikokin sojojin Kudu, mai suna United Daughters of the Confederacy, wadda aka kafa a birnin Nashville a 1894. Ta kula da maƙabartu, ta tallafa wa tsofaffin sojoji da matan da aka mutu aka bari, ta tattara wasiƙu da labaran ’yan mazan jiya, ta kuma kakkafa gumakan tunawa.

Sai dai ƙungiyar ba ta tsaya nan ba. Ta sa ido a kan littattafan makaranta, tana matsa wa hukumomin ilimi lamba su ƙi duk littafin da ya ce Kudu ta yi yaƙi ne domin kare bauta. Ta haka yara da yawa suka tashi da tarihi mai fuska ɗaya, wanda ya shafe wahalar baƙaƙen fata. Daga 2015, musamman a 2017 da 2020, an tumɓuke da yawa daga cikin gumakan bayan zazzafar muhawara. Darasin da ke nan shi ne, ƙungiyar mata tana iya ceto tarihi daga ɓacewa, tana kuma iya karkatar da shi idan ƙaunar nata ta rufe mata ido ga ciwon wasu.

3.2 Misali Daga Ƙasar Hausa

Tun kafin wancan, ƙasar Hausa ta ga irin wannan aiki a hannun Nana Asma’u ’yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864). Ta rayu cikin yaƙe-yaƙen jihadi, ta kuma rubuta labarinsu a waƙe, kamar a waƙar da aka fi sani da Waƙar Gewaye, da wadda ta yi a kan yaƙin Gawakuke na 1836, da marsiyyoyin mutanen da ta sani, maza da mata. Ta kafa tsarin ’Yan Taru, inda shugabar kowace tawaga, wato jaji, take jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta su haddace waƙoƙi, su koma su koyar da na gida. Manufar farko ita ce koyar da addini, amma ta wannan hanya labarin hijira da yaƙe-yaƙe ya shiga ɗakunan matan da ba su iya karatu ba. Wannan ya nuna cewa taskace tarihi ta hanyar taron mata da haddar baka ba baƙon abu ba ne ga Hausawa.

Wani abin lura shi ne littafin Baba of Karo da Mary Smith ta fitar a 1954. Labarin rayuwar wata dattijuwa ce da ta tashi a yankin Zarewa, kan iyakar Kano da Zazzau, kusa da yankin da ake nazari, wanda aka rubuta daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950. Ta ba da labarin hare-haren kamun bayi da zuwan Turawa kamar yadda suka shafi cikin gida. Ta rasu a 1951. Da an yi jinkirin shekara biyu, da babu littafin.

4.0 Inda Labarin Yake a Ikara, Maƙarfi da Kudan

A matakin ƙasa akwai cibiyoyin tunawa da yaƙin. Akwai ƙungiyar ’yan mazan jiya ta ƙasa, da ranar tunawa da sojoji ta 15 ga Janairu, da gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Akwai kuma ƙungiyoyin matan hafsoshi da na matan ƙananan sojoji, da manyan ƙungiyoyi irin su Jam’iyyar Matan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1963, da FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985. Waɗannan sun fi mayar da hankali ga jin ƙai da ilimi da kiwon lafiya. Shi kuwa labarin iyali, a karkarar Zazzau ya fi zama a wurare uku.

4.1 Tarukan Mata

Ƙungiya a wurin matan karkara ba sai mai rajista da sakatariya ba. Akwai ƙawance da biki, inda mata suke ɗaukar nauyin hidimar juna shekara da shekaru. Akwai adashi. Akwai ajin matan aure na Islamiyya, da zumuntar mata a coci-cocin Hausawa Kirista na yankin. Akwai zaman makoki da na suna, da taron ɓarar gyaɗa ko masara. A barikokin soja kuwa akwai magajiya, shugabar matan sojoji, wadda ta san wadda aka kawo wa labarin rasuwa da wadda aka sallama daga bariki. A irin waɗannan wurare ne ake maimaita labari har ya zauna. Idan aka zo ɗaurin aure, tsofaffin mata ne suke warware zumunta, su faɗi wane ne kakan ango, da yadda aka yi ya tashi a gidan kawunsa. Sau da yawa amsar takan koma ga yaƙin.

4.2 Harshe

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar ɗalibin Hausa.

(i) Sunan yaƙin. A rubuce ana cewa yaƙin basasa, amma a baka an fi jin yaƙin Biyafara ko yaƙin Ojukwu. Kowane suna yana ɗauke da ra’ayi a kan wanda ake ganin ya jawo shi.

(ii) Lissafin shekaru. Dattijuwa ba ta cika faɗin shekara da lamba ba. Takan jingina abu da wani babban al’amari, kamar shekarar da aka kashe Sardauna, ko shekarar Araba, ko ta canjin kuɗi. A nan sai an yi hattara, domin an canja takardun kuɗi a Janairun 1968 ana cikin yaƙi, sannan aka koma naira da kwabo a Janairun 1973. Sauran alamomin sun haɗa da komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da farin 1973, da kisan Murtala a 1976.

(iii) Laƙabi. Sunayen gargajiya suna nuna halin da aka haifi yaro. Talle shi ne wanda ya rasa mahaifi ko mahaifiya yana ƙarami, Audi kuwa wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa. Idan aka sami mai irin wannan laƙabi da aka haifa tsakanin 1967 da 1970, akwai dalilin yin tambaya.

(iv) Kalmomin aro. Kurtu, kofur, saje, samanja, fareti, bataliya da fansho duk an aro su ne daga Ingilishi. Sun girmi yaƙin, amma dawowar dubban sojoji ta ƙara yaɗa su a ƙauyuka. Haka nan matan da suka zauna a bariki sukan dawo da Barikanci, wato Hausar da ƙabilu daban-daban suke magana da ita a tsakaninsu.

(v) Sakaya zance. Bahaushiya ba ta cika cewa mijinta ya mutu ba. Takan ce bai dawo ba, ko yaƙi ya ci shi, ko ya riga mu gidan gaskiya. Kalmar “bai dawo ba” tana iya nufin an tabbatar da rasuwarsa, tana kuma iya nufin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bambancin yana da girma, kamar yadda za a gani a gaba.

4.3 Kayan Tarihi

A cikin adaka ko ƙasan jeren kwalla akan iya tarar da hoton soja cikin kaki, ko lambar yabo, ko takardar sallama, ko katin fansho, ko wasiƙa cikin ajami ko boko. Galibi mace ce take ajiye su, kuma ita ce ta san labarin kowane. Idan ta rasu aka raba kayan ɗakinta, takardun sukan salwanta, domin ba a lissafa su cikin gado.

5.0 Abin da Labarin Mata Ya Ƙunsa

Adabin Hausa na lokacin yaƙi ya fi karkata ga zuga da yabo. Aƙilu Aliyu ya rubuta waƙar soja mai suna Jiki Magayi, Mamman Shata ma ya yi wa sojoji waƙa, kuma Rediyon Kaduna da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo sun yaɗa irin waɗannan ayyuka. Muryar maza ce, kuma an yi ta ne domin ƙarfafa gwiwa. A ɓangaren Gabas, mata sun rubuta nasu: Flora Nwapa ta fitar da Never Again a 1975, Buchi Emecheta ta fitar da Destination Biafra a 1982, Chimamanda Adichie kuma ta fitar da Half of a Yellow Sun a 2006. Labarin matan Arewa kuwa ya fi zama a baka. Ga wasu batutuwan da ya kamata mai nazari ya bibiya:

(a) Yadda aka tafi: da yardar iyaye ne ko guduwa aka yi, kuma me ya ja saurayin, albashi ko zuga ko bin abokai.
(b) Wanda ya riƙe gida da gona, da sana’ar da matar ta kama, kamar ƙuli-ƙuli ko saƙa ko sayar da abinci.
(c) Yadda labarin rasuwa ya iso, da takabar wata huɗu da kwana goma ba tare da an ga gawa ba.
(d) Halin matar da mijinta ya ɓace. A fiƙihun Malikiyya ba ta da ikon yin wani aure sai ta kai magana gaban alƙali, an yi bincike, an yanka mata wa’adi. Saboda haka akwai matan da suka zauna shekaru, su ba masu aure ba, su ba zawarawa ba.
(e) Jinyar wanda ya dawo da nakasa ko firgita, da wahalar bin fansho.
(f) Maƙwabtan da suka gudu a 1966: wa ya ɓoye su, wa ya cuce su, wa ya riƙe musu amana har suka dawo.

6.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce lokaci. Matar da take da shekara 18 a 1967 ta cika 76 a 2025. Kowace shekara masu wannan labari raguwa suke yi. Ta biyu, an cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙarshen shekarun 2000, aka yi fiye da shekara goma kafin a dawo da shi, don haka jikoki da yawa ba su san abin da za su tambaya ba. Ta uku, mantuwa da cakuɗa abin da aka gani da abin da aka ji a rediyo. Ta huɗu, wadda ta fi haɗari, ita ce son kai irin wanda aka gani a misalin Amurka. Iyalin da suka rasa ɗa a yunƙurin ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca a watan Oktoban 1967 suna da haƙƙin a ji su. Amma a wannan watan ne, ranar 7 ga wata, sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba, su ma suka bar mata da marayu. Malamin da ya koyar da ɗaya ya ɓoye ɗayan bai koyar da tarihi ba.

7.0 Hanyoyin Tattara Labari

1. A nemi izinin mai unguwa da maigida, sannan a nemi yardar matar da kanta. A bayyana mata abin da za a yi da maganarta. Idan ta ce kada a ambaci sunanta, a kiyaye.
2. A kula da al’adar “ba shiga”. Ɗalibi namiji ya fara da kakarsa ko gwaggonsa, ko ya haɗa kai da abokiyar karatu.
3. A kira ta da sunan girmamawa, kamar Iya, Inna, Gwaggo ko Hajiya, a kuma cika gaisuwa kafin tambaya.
4. A tuna da alkunya. Dattijuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba. Za ta ce Malam, ko maigidan, ko shi. Kada a matsa mata. A nemi sunan a wurin wani, ko a jikin takarda.
5. A yi tambaya mai buɗewa. Maimakon “Kin sha wahala ko?” sai a ce “Yaya aka yi da gonar a daminar da ya tafi?”
6. Idan ta yi shiru ko ta yi kuka, a dakata. Ba dole ne a gama a zama ɗaya ba.
7. A naɗi murya, a ɗauki hoton takardu, a mayar mata da kayanta nan take.
8. A rubuta maganar yadda ta faɗe ta. A wasu sassan Zazzau ba a cika bambanta jinsi ba, akan ce “mota ne” ko “rigan shi”. Kada a mayar da su Daidaitacciyar Hausa, domin karin harshen ma shaida ne.
9. A gwada labarin da na wasu, da kuma rubutattun bayanai irin waɗanda ake samu a Gidan Arewa da Ma’ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Inda aka sami saɓani, a rubuta duka biyun.
10. A bai wa iyalin kwafi, a ajiye wani a sashen Hausa na kwaleji.

8.0 Amfani da Shi a Aji

Labarin da aka tattaro yana iya zama matanin auna fahimta, ko tushen insha’i, ko misalin zuben baka. Ana iya ciro kalmomin aro da sakaya zance a koyar da ginin kalma da ma’ana. Malami ya zaɓi abin da ya dace da shekarun yara, ya kuma kula da kalmominsa. Alal misali, kalmar Inyamuri da aka saba ji, waɗanda ake kira da ita ba sa son ta, don haka a aji sai a ce Ibo ko Igbo. Ya tuna cewa a cikin ɗalibansa ana iya samun jikan wanda ya yi yaƙi a wannan ɓangare da jikan wanda ya yi a wancan.

9.0 Kammalawa

An ga cewa a yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan tarihin iyali na yaƙin basasa yana zaune ne a tarukan mata, da cikin harshe, da cikin adakar tsofaffi. Misalin ’Yan Taru ya nuna cewa matan Hausa sun daɗe da wannan aiki, misalin Amurka kuma ya nuna illar taskace rabin gaskiya. Aikin malamin Hausa shi ne ya tattaro labarin da ladabi, ya rubuta shi da amana, ya koyar da shi da adalci, tun masu shi suna raye.

Auna Fahimta

1. Kawo dalilai biyu da suka sa yaƙin basasa ya shafi yankin duk da ba a fafata a cikinsa ba.
2. Kwatanta aikin ’Yan Taru da na ƙungiyar matan Kudancin Amurka ta 1894.
3. Wata dattijuwa ta ce an haifi ɗanta a shekarar canjin kuɗi. Waɗanne tambayoyi za ka ƙara yi mata domin gane shekarar?
4. Bayyana yadda alkunya take shafar tattara labarin baka.

Jinga

Yi hira da mace ɗaya da ta haura shekara 70 a kan abin da take tunawa na shekarun 1966 zuwa 1970. Rubuta shafi biyu na maganarta cikin karin harshenta, sannan ka fito da kalmomin aro biyar da sakaya zance uku da ta yi amfani da su.